Agogon Baba a Hannun Kawu

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai tattara ya koma. Kawu, yayan mahaifiyata, mai gyaran agogo na bakin Ƙofar Mazugal, ya rasu wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa a gidanmu na gado da ke Madabo, kuma a kwana ukun nan ban ji mutum ɗaya ya ce Kawu mai daɗin baki ne ba. Ba a yi wa mamaci ƙarya, balle shi.

Muna ciki wajen mata, amma zauren gidan a manne yake da ɗakin matar Kawu, duk abin da maza ke faɗa yana shigo mana. Wani Alhaji ya taso takanas daga Abuja, motarsa ta kasa shiga lungu sai da ya taka da ƙafa. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce, “Allah ya jiƙan Malam. Sau biyu yana korata daga shagonsa.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na farko wai don ya ce a gama masa aiki kafin jirginsa ya tashi, Kawu ya miƙo masa agogonsa ya ce ya kai wa direban jirgin ya gyara masa. Na biyu kuma don ya tsaya a kan buɗaɗɗen agogo yana surutu da goro a baki. “Amma ga shi nan a hannuna,” in ji Alhajin, “har yau bai taɓa sa ni makara ba.”

Ladanin unguwa kuwa kuka yake ta haɗiyewa. Ya ce shekara da shekaru in ya kira salla ya juyo, sai ya ga Kawu a bakin ƙofar masallaci ya ɗaga masa yatsu biyu, wato ya yi gaggawa da minti biyu. Ya ce da haushi abin yake ba shi. “Jiya na kira la'asar na waiwayo ina neman yatsun nan,” ya ce, sai ya kasa ƙarasawa.

A cikin gida wata tsohuwa maƙwabciya ta ce tun da idonta ya mutu Kawu ya samo mata agogon bango mai bugawa ya kafa mata, don ta riƙa sanin lokacin salla da na shan magani. Duk mako sai ya shiga ya murza mata shi. Yana murzawa yana yi mata faɗa a kan hayaƙin murhunta, tana ba shi amsa, ya fita yana mita. Ko matarsa sai ranar ta ji wannan labari.

Kowa da abin da ya tuna. Ni abin da na tuna shi ne wasu makonni uku da na yi cikin fargabar bakin Kawu zai karya wa mahaifiyata zuciya. Shi nake so in rubuta, don yaranmu da suka san shi a tsoho mai faɗa su san wane ne suka rasa.

Mu ta wajen uwa Barebari ne. Kakan su Umma ne ya zo Kano daga Barno neman karatu, ya zauna a Madabo bai koma ba. Yaren ya tafi, sai 'yan kalmomin gaisuwa, amma turare bai tafi ba. Tun daga bakin lungu ake gane gidanmu da hanci. Kakarmu Iya ita ce gwanar haɗa turaren wuta da humra, mata har daga wajen gari suke zuwa saye, kuma a cikin 'ya'yanta Umma, wadda ita ce auta, ita kaɗai ta ɗauki hannunta. A wannan gida aka haifi Kawu, Babarbaren da ba ya ƙamshi. Daga Asabar zuwa Alhamis ko sabulu mai ƙamshi ba ya yarda ya taɓa masa hannu. Sai ranar Juma'a, da yake ba ya buɗe shago, zai yi wanka ya zazzage kwalba a jikinsa ya rama na kwana shida.

Shagon nasa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Teburi ɗaya ne mai tsawo wanda ya kai masa har ƙirji in ya zauna, da farin ƙyalle a kai, da hantsaki iri-iri, da ƙananan sukundireba a jere kamar allurai, da ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido. Agogon batir ba ya taɓawa. In ka kawo sai ya nuna maka masu tebur a bakin titi ya ce, “Wannan ba shi da rai, rediyo ne.” Nasa su ne masu tafiya da sifirin da haƙora, waɗanda ake murza wa ɗan kunnen nan na gefe.

Abin da ya fi yin suna a kai, kuma abin da ake tsoronsa saboda shi, ba ya mayar maka da agogo sai ya gaya maka abin da ka yi masa. Yana buɗewa zai karanta ka. “Kai ba ka cire shi in za ka yi alwala.” “Kai a kan lasifikar rediyo kake ajiye shi.” “Kai kuma ka kai shi wani wuri kafin ka zo nan, an zuba masa man keken ɗinki. Kada ka rantse, ga shi ina gani.” Ko kai wane ne, a gaban ko su wa, sai ya faɗa. In aka ce ya sassauta sai ya ce likitan da ya ba ka magani bai gaya maka abin da ya kwantar da kai ba, so yake ka dawo.

Mahaifinmu Bafulatani ne, ɗan kasuwar yadi, mutum mai fara'a da son kaya mai kyau. A wata tafiyar fatauci ya sayo wani agogo ƙirar Suwizalan, na zinare, irin wanda in ya ɗaga hannu a taro sai an kalla. Tsakaninsa da Kawu kuwa, surukuta ta haɗu da wasan Fulani da Barebari, abin ba a cewa komai. Ranar da ya fara kai masa agogon, Kawu ya juya shi ya ce, “Bafulatani da agogo! Ai kai inuwar sandarka ta ishe ka.” Baba ya ce, “Ku gyara kuka iya, saye sai mu.” Duk bayan 'yan shekaru Baba zai kai masa a yi masa sabis, su yi ta tsiya har a kira salla. Ni ma na gaji rabona. In Kawu yana jin daɗina “Uwata” yake ce mini, don sunan Iya aka sa mini. In na ɓata masa sai in koma “'yar Fulani.”

Da Baba ya rasu, ranar sadakar bakwai, Kawu ya shigo cikin gidanmu na Gwale ya tarar da Umma ta rungume agogon a cinya. Mata cike da ɗaki. Ya ce, “Auta, agogo ba kayan ajiya ba ne. A ba ɗansa ya ɗaura. In aka kulle shi mutuwa zai yi.” Umma ta ɗago ta ce, “Mai shi ma ya mutu, Yaya.” Gaskiya ya faɗa, amma wallahi ba ranar faɗinta ba ce. Ba su yi gaba ba. Ana haɗuwa a biki da suna, ana gaisawa, tana aika masa da abincin salla. Sai dai shekara goma sha ɗaya ba ta ƙara ambaton agogon a gabansa ba, shi ma bai ƙara tambaya ba.

Abin da take yi kuwa, duk ranar Juma'a da safe za ta fito da farar rigar Baba da hularsa da agogon. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa rigar, ta ɗora hular, ta ɗora agogon a sama hayaƙi yana ratsa su. In ta gama ta murza masa kunne, ta kara a kunnenta, ta ji yana tafiya, ta yi wa Baba addu'a ta mayar akwati. Da kunnen agogon ya fara tauri, sai ta riƙa tsoma tsinke a humra tana ɗiga masa don ya yi laushi. Ni da hannuna na sha miƙa mata kwalbar. A gidanmu abin da kake so shi kake turarawa, amarya, jariri, Alƙur'ani, baƙo. Ko a mafarki ban taɓa kawo wa raina akwai abin da turare ke cutarwa ba.

Wata Juma'a ta murza, ta kara a kunne, shiru. Ta girgiza shi, shiru. Ranar ba ta ci abinci ba. Kwana biyu sai ta rame, ta daina hira, kullum maganarta ɗaya: “Na kula da shi kamar jariri. Me na rage shi da shi?”

Ƙanena da ke aiki a Abuja ya ɗauka ya kai wani babban kanti mai sanyi. Suka ce sai an tura ƙasar waje, zai yi watanni, za a sauya masa fuska da hannaye, a goge jikinsa ya dawo kamar sabo. Umma ta ce a dawo mata da abinta. Akwai wata 'yar lotsawa a gefensa, inda Baba ya buge da ƙyauren zaure ranar da ya rugo da gudu da aka ce masa an haife ni. Ta ce wanda ya goge wannan ya goge mata miji. Na ce, “Umma, to ga Kawu.” Can ta miƙo mini shi a naɗe cikin hankici ta ce, “Ni dai ban aike ki ba.”

Na hau adaidaita zuwa Ƙofar Mazugal. A lokacin Kawu ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, ya daina karɓar aiki sai na tsofaffin mutanensa. Ina sallama ya ɗaga hannu. “Tsaya nan bakin ƙofa, Uwata. Ƙamshinki ya riga ki shigowa.” Na miƙa masa hankicin daga nesa. Da ya warware ya ga abin da ke ciki, sai ya cire hularsa ya ajiye, ya yi wa Baba addu'a. Ya sa gilashi a ido, ya kwance murfin baya.

Daga inda nake tsaye na ji shi. Ƙamshin humrar Umma ya taso daga cikin agogon ya cika ɗan shagon nan. Kawu bai motsa ba. Ya daɗe a sunkuye, har na zaci wani abu ya same shi. Sannan ya kira ni da yatsa, ya ba ni gilashin ya ce in leƙa. Duk haƙoran nan da ya kamata su yi ta walƙiya sun yi ja, danƙo ya kama su kamar gindin tukunyar alewa.

Ya karɓi gilashin ya mayar a ido, ya ce, “Shekara nawa tana yi?”

Na faɗa masa. Na faɗa masa har da tsinken, har da cewa ni nake miƙa kwalbar. A take na gane abin da ke tafe. Na durƙusa na ce, “Kawu, don girman Allah kada ka gaya mata. Ka ce tsufa ne. Ka ce sifirin ne ya gaji. Matar nan abu ɗaya take taƙama da shi, cewa ta riƙe amanar Baba. In ta ji ita ta kashe shi, wallahi ban san abin da zai faru ba.”

Ya ce, “In ban faɗa ba, Juma'a mai zuwa za ta mayar da shi kan kasko. Ni kuma dubi hannuna. Kina ganin zan sake buɗe shi karo na biyu?”

“To ni zan lallaba ta.”

“Da wace ƙaryar?”

Ni ma fa jinin gidan ce, bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci. Na miƙe na ce, “Kai dai agogo kake tausayi, Kawu, ba mutane ba. Ba ka ga abin da bakinka ya yi mata ranar bakwai ɗin Baba ba?” Ina faɗa na yi da-na-sani. Ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan na cikin gilashi, ya ce, “'Yar Fulani, ja mini ƙofa in kin fita, ƙura na shigowa.”

Kwana huɗu ban koma ba. A na biyar kunya ta kai ni, na yi wanka da sabulun wanki, na sa kayan da ba su ga turare ba, na je na ba shi haƙuri. Bai ce ya haƙura ba, bai ce bai haƙura ba. Ya dai nuna mini benci, wannan karon a cikin shago. Daga nan kusan kullum in na samu sarari da hantsi a makarantar da nake koyarwa ko ranar da ba aiki, sai na biya. Ina zuwa ne don in ga ko zai sauya shawara, amma sai aikin ya ɗauke mini hankali.

Ya warware agogon kaf, ƙwaya-ƙwaya, ya kifa kofunan shayi a kan kowane rukuni don kada ƙura ta sauka. Kowace ƙwaya sai ya wanke ta sau uku a ruwan wankinsa mai warin fetur, ya shanya a takarda. Ƙananan ramukan da ƙafafun nan masu haƙora ke juyawa a ciki, da tsinke yake goge su, ya fere ya goge, ya sake ferewa ya goge, har tsinken ya fito fari. Ba ya aiki sai daga hantsi zuwa kusan azahar, lokacin da haske ke faɗowa kan teburin kuma hannunsa ya fi natsuwa. Zai dafa tsintsiyar hannun a gefen teburi, ya riƙe numfashi, ya ɗora ƙwaya ɗaya, sannan ya saki ajiyar zuciya. Wata rana ya yi sau bakwai yana gwada sukuru ɗaya yana kuɓucewa. Na kau da kai kamar ban gani ba. Man da yake sawa kuwa, a bakin allura yake ɗebo shi, ɗigon bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce, “Kin ga abincinsa ke nan na shekara biyar. Uwarki kuma ta yi ta ɗura masa da ludayi.”

Ranar da ya ɗora ƙwayar ƙarshe, 'yar ƙafar nan mai kai da komo ta kama kaɗawa da kanta, sai da na yi kabbara. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ƙara mako guda yana gwada shi, yau a kwance, gobe a kife, jibi a gefe, yana duba shi da lokacin rediyo. Jikin agogon kuwa ƙyalle kawai ya sa ya share. Lotsawar nan tana nan inda take. Na ce to ya ba ni in kai. Ya ce, “Ni zan kai. Juma'a.”

Tabɗi! Juma'a fa, ranar kasko.

Ya iso Gwale da hantsi cikin babbar riga, ya sha turare har yana hawa kai. Umma tana tsakar gida, ga kasko, ga kwando, ga rigar Baba da hula a kai, wurin agogon ne kawai babu kowa. Kawu ya tsaya ya ƙare wa abin kallo. Ni ina jingine da bango. Aka shimfiɗa masa darduma, suka gaisa, ya sha ruwa. Ya fito da agogon ya kara mata a kunne da hannunsa mai rawa. Fuskar Umma ta washe, ta kama salati tana godiya. Sannan ta yi tambayar da nake gudu.

“Yaya, me ya same shi?”

“Ke kika tsayar da shi, Auta. Turarenki ne. Hayaƙi ya shiga, humra ta bi, suka daskare a ciki.”

Haka ya faɗa, tsirara, ba ko mayafi. Na ga hannun Umma ya sauka a hankali. Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga mini yatsa.

“Ban gama ba. Na buɗe agogon mamata ba adadi. Magada su jefa a durowa su manta, sai bayan shekaru a kawo mini, tsatsa ta cinye rabi, wani sai dai a zubar. Wannan ko ɗigon tsatsa babu. Ba a bar shi ya ji sanyi ba, ba a bar shi ya wuce mako ba a taɓa ba. Tun da nake ban taɓa buɗe agogon da aka so kamar wannan ba. Kuskurenki ɗaya, kin ɗauke shi riga.”

Umma ta rufe fuska da gefen mayafi. Kawu ya sunkuyar da kai yana murza carbi, muryarsa ta sauka, irin saukar da ban taɓa ji ba.

“Da na buɗe shi, ƙamshin Iya na ji. Na zaci haɗin nan ya tafi da ita. Wallahi yini guda na kasa wanke shi. Na mayar da murfin na zauna, in na jima in buɗe in shaƙa in rufe, kamar wani yaro.” Ya ɗago ya dube ta. “Maganar da na yi miki ranar bakwai, na yi ta ba a ranarta ba. Ki yafe mini.”

Suka yi kuka su biyu, tsofaffi, ni ma na taya su. Can Umma ta share ido ta ce, “Yo kai da ka san haɗin Iya ne, shi ne ka sa fetur ka wanke?” Kawu ya ce, “To da in bar miki shi a mace yana ƙamshi?” Dariya ta kuɓuce mana gaba ɗaya.

Ya kafa mata doka. Ta turara riga, ta turara hula, ta turara duk gidan in ta ga dama, amma agogo da kasko kada su sake haɗa ido. Kuma ba akwati. Ta ɗaura shi, ta murza shi kullum da safe. Ta ce, “Ni in ɗaura agogon maza?” Ya kamo hannunta ya ɗaura mata, ya zauna cif. Ashe ya riga ya huda wa maɗaurin sababbin ramuka biyu, ya auna da idonsa tun daga shago. Ya ce, “Ki yi mini alkawari.” Ta ce ta yi.

Shekara biyu suka samu bayan nan, kuma shekaru ne masu daɗi. Kusan kullum da safe sai ta kira shi a waya ta ce, “Yaya, ƙarfe nawa a wajenka?” Ya faɗa, ta ce nata ya ɗara da minti ɗaya, ya ce ƙarya take, idonta ne. Su yi ta musu har katin ya ƙare. Duk Alhamis da yamma ta aika masa da 'yar kwalbar humra ta Juma'a, ya karɓa yana cewa za ta kashe shi da mura. Ni kuma na koma “Uwata” har ƙarshe, ko da yake bai taɓa barina na manta na ce ba ya tausayin mutane ba. In na kai masa abinci sai ya ce, “A'a, kai wa agogo, shi nake tausayi.”

Ranar Talatar da ya rasu, muka isa Madabo maza sun gama ɗinka likkafani a zaure, aka miƙo shi ciki a turara kafin a gama wanka. Matar Kawu ba ta cikin hayyacinta. Mata suka kama kallon juna. Umma ta ce, “Ba mai turara wa Yaya sai ni.” Ashe da aka gaya mata rasuwar, kafin ta ɗauki mayafi sai da ta ɗauko gwangwanin turarenta, haɗin Iya.

Aka kawo garwashi. Ta durƙusa, ta barbaɗa turaren, hayaƙi ya fara tashi. Ta miƙa hannu za ta ɗauki likkafanin, sai ta tsaya. Ta janye hannun riga, ta kwance agogon, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

“Ungo. Je ki da shi can nesa. Yanzu babu mai wanke mana shi.”

Na tafi can ƙarshen gida wajen rijiya na tsaya, na rufe shi da tafin hannuna biyu. Daga nan ina hango ta tana juya farin ƙyallen a kan hayaƙi, a hankali, gefe bayan gefe, tana yi wa yayanta abin da ake yi wa wanda ake so a gidanmu. Agogon yana ta tafiya a hannuna.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa, ka sa kabarinsa ya fi gidan Iya ƙamshi. Mu kuma ka ba mu masu gaya mana gaskiya, ka ba mu haƙurin jira su ƙarasa magana. Amin.